Kafin Ka Zuba Sunayen Mutanen Kende a Kwamfuta

 Mahaifiyarka ta kira ni ta ce dattawan ƙungiyar manoman shinkafa sun damƙa maka littattafansu, wai ka mayar da su cikin kwamfuta tunda ka dawo daga Aliero da takardar karatun na'ura. Na yi murna, na sa maka albarka. Amma daren nan na daɗe idona biyu, don na san nauyin abin da aka aza maka. Ni kawunka na ƙare ƙuruciyata tsakanin rajista da kwamfuta, tun ana ja wa littafi layi da rula har aka zo zamanin da bayanai ke kwana a uwar garken da ba wanda ya taɓa ganin ɗakinta. Abin da malamanka suka koya maka ka riƙe shi, daidai ne. Ni abin da zan ƙara maka shi ne wanda sai an yi asara ake saninsa.

Waɗanda suka raɗa wa abin nan suna rumbun bayanai sun iya zaɓen suna. Kai ɗan Kende ne, ka san ba a kafa rumbu a kan ƙasa tsirara saboda gara da danshi, ba a kuma barin kowa ya hau ya buɗe. Sai dai rumbun hatsi in ya fara ɓaci za ka ga gari yana zuba a gindinsa. Na bayanai shiru yake ruɓewa. Allon kwamfuta zai ci gaba da nuna maka komai tsaf har ranar rabon taki, ranar da wani dattijo sa'an kakanka zai tsaya gabanka ya ce ya biya, rubutunka ya ce bai biya ba. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, manomin Kabi ya gane cewa layi ɗaya a jerin sunaye shi ne iri da taki da injin ban ruwa, shi ne kuma bashin da za a biyo shi da shi har gida. Irin wannan layin ne za ka riƙa rubutawa.

Wurin da za ka fara tuntuɓe shi ne suna. A ƙasarmu suna ba ya bambance mutum. Tsaya ƙofar masallacin Juma'a ka kira Muhammadu Abubakar ka ga kawuna nawa za su waiwayo. Sannan mutum ɗaya yana da sunaye da yawa: Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba, shi ne Habu, Usman shi ne Shehu, A'isha ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu. A littafin bara an rubuta shi da sunan yanka, a na bana da sunan da abokan noma ke kiransa. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin wani abu. Ɗan'uwanmu da ya yi takardunsa a Segbana ko Malanville ko Gaya, da rubutun Faransanci aka yi masa: Usman ya koma Ousmane, Musa ya koma Moussa, Isuhu ya koma Issoufou, Abubakar ya koma Aboubacar. A kunne mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum biyu ne. In ka bar su biyu, zai karɓi rabo biyu wani ya rasa. In kuma ka yi gaggawar haɗe duk sunayen da suka yi kama, za ka ɗora wa wani bashin da bai ci ba, kuma wannan ya fi muni.

Saboda haka kowane mutum ka ba shi lambar da na'urar za ta ƙirƙira da kanta, lambar da ba ta nufin komai, ba ta canzawa, ba a kuma sake ba wani ita ko da mai ita ya rasu. Ka buga masa ita a ɗan kati ya riƙe. A gefenta ka ajiye sunan yadda shi ya faɗa da bakinsa, da laƙabinsa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu, sannan a gurbi dabam ka kwafe sunan yadda yake a takardar hukuma, harafi da harafi, ko da an yi kuskure a cikinsa, domin da wannan kuskuren banki ya san shi. Kada ka tilasta wa mutanenmu tsarin Turawa na sunan farko da sunan dangi. Da yawansu garinsu ne sunansu na ƙarshe, Kende ko Illo ko Kaoje ko Bagudo, kuma wannan ba ya nuna ciki ɗaya suka fito. Duk lokacin da ka yi shakkar sunaye biyu, rufe kwamfutar ka tafi wurin mai unguwa. Shi ya san ɗan wane ne kowa.

Za ka ji sha'awar mayar da lambar waya ta zama shaidar mutum. Kada ka yi. Gida guda kan yi tarayya a waya ɗaya, layi kan ɓata, kuma layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani kan sayar wa wani. Ka tuna yadda aka yi ta rufe layuka bayan umarnin haɗa layi da lambar NIN da ya fito cikin Disamba 2020. Ita ma NIN ɗin ka ba ta gurbi, ka hana na'urar karɓar guda ɗaya sau biyu, amma kada ka ce sai da ita mutum zai shiga rajista, don akwai tsofaffi da mata da ba su yi ba tukuna, akwai kuma wanda katinsa na ƙetare ne. Kada kuma ka ƙayyade tsawon gurbin lambar waya. Ranar 30 ga Nuwamba 2024 Jamhuriyar Benin ta mayar da lambobinta daga alƙaluma 8 zuwa 10, aka ƙara 01 a gaba. Duk wanda ya gina rumbunsa a kan cewa lambar Benin takwas ce har abada, ranar nan ya wayi gari da aiki. Ka riƙa ajiye lambar ƙasa tare da ita: 234 tamu, 229 ta Benin, 227 ta Nijar.

Lambar waya da NIN da BVN da lambar asusun banki, ko da yake da alƙaluma ake rubuta su, ba lissafi ake yi da su ba. Ka ajiye su a matsayin rubutu. Excel in ya ɗauke su a matsayin lissafi sai ya jefar da sifirin farko: lambar waya mai alƙaluma 11 ta koma 10, lambar asusu mai 10 ta koma 9, kuɗin mutum ya maƙale a hanya. Doguwar lamba kuma sai ya dunƙule ta, in ka adana fayil ɗin a haka wutsiyarta ta tafi ke nan.

Akwai abin da ya shafi harshenmu, wanda waɗanda suka rubuta littattafan da ka karanta ba su yi tunaninsa ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan Turai. In ba ka saita rumbun a kan UTF-8 tun ranar farko ba, Ɗantani zai fito da alamar tambaya a madadin harafinsa na farko, kuma in ya riga ya shiga a haka ba ya gyaruwa sai an sake bugawa da hannu. Ka kuma tsara bincike yadda wanda ya buga Dantani zai sami Ɗantani, don yawancin wayoyi ba a sa musu haruffan ba. Sai ɗan waƙafin sama da ke cikin Sa'idu da Mu'azu da Asma'u. A harshen SQL wannan alamar ita ke rufe rubutu. In ka saba liƙa abin da mutum ya buga kai tsaye cikin umarni, Sa'idu na farko da ya zo rajista zai tsayar maka da manhajar. Na ga matasa suna magance wannan da cire alamar daga sunan mutum, suna ganin sun huta. Sun ɓata suna, ƙofar kuma tana nan a buɗe, domin ta wannan tsagar ce ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin su kwashe rumbu gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka rubuta umarnin da guraben da aka ware, ka bar manhajar ta saka abin da aka buga a matsayin bayani kawai.

Yanzu zo mu je bakin gulbi, don garinku yana da darasin da ya fi na aji. Kende tana cikin tashoshin da ake auna ruwa a kwarin Kwara: ita a kan gulbin da ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, Jidere Bode kuma a kan Kwara kanta bayan ta shigo Najeriya. Abin da aka karanta a ma'aunin yana zuwa hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya, yana kuma shiga ma'ajiyar hukumar ƙasashe tara masu tarayya a kogin, wadda aka kafa a 1980 take zaune a Yamai. Masu kula da madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da irin waɗannan alƙaluman suke sanin ruwan da ke tafe musu. To ka ɗauka wata rana mai karatun bai samu zuwa ba, rashin lafiya ko hanya ta yanke. Me za a rubuta? In aka sa sifiri, an ce ke nan ruwan ya sauka har gindin ma'auni a tsakiyar damina, kuma duk lissafin watan zai karkace. Gaskiyar ranar ita ce ba a auna ba. Rumbun bayanai yana da hanyar faɗin haka, wato barin gurbi fanko, kuma fanko dabam sifiri dabam.

Haka yake a littafinka. Manomin da ruwa ya cinye gonarsa, kamar yadda ya faru ga dubban mutane a fadamun Kabi a ambaliyar 2020, girbinsa sifiri ne. Wanda ba a je an auna nasa ba, girbinsa ba a sani ba ne. In ka haɗa su a buhu ɗaya, ko dai ka hana mai asara tallafi ko ka ba wanda bai yi asara ba. Ranar haihuwa ma haka. Ka duba takardun mutanenmu ka ga yawan waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu, saboda na'urar ta ƙi wucewa sai an cika gurbin. Kai ka bar wa tsoho damar faɗin shekara kawai, ka sa alamar cewa ƙiyasi ne.

Kada ka taɓa rubuta adadi ba tare da ma'auninsa ba. Buhu goma, wane buhun? Na shanshera ko na gyararriya? Tiyar wace kasuwa? Ka sa dattawan su zauna su yanke ma'auni ɗaya, ka riƙa mayar da komai zuwa kilo, amma ka ajiye abin da aka faɗa da baki a gefe. Kuɗi ya fi wannan haɗari a wurinku. Mutumin Gaya ko Malanville in ya ce maka ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. In ya ce jaka, sefa 1,000 ke nan, alhali jakar da kakanninka suka sani a nan naira 200 ce. Kowane kuɗi ka rubuta nau'insa, naira ko sefa, da canjin da aka yi a ranar. Wanda ya ga yadda naira ta sauya daraja tun daga Yunin 2023 ya san canjin bara ba ya biyan bashin bana. Kuma kada ka ajiye kuɗi a nau'in lamba mai ɗigo da kwamfuta ke kintata: in ka haɗa 0.1 da 0.2 da shi, sai ya ba ka 0.3 da ɗan wutsiya can ƙarshe. Wutsiyar nan tana taruwa. Ka ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, ko da nau'in da aka yi don lissafin kuɗi.

Dokar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tun 1970 ka riga ka karanta ta, ba sai na tsawaita ba: kowane bayani ya zauna wuri ɗaya. Mutane a jadawalinsu, gonaki a nasu, rance da biya a nasu, lamba ta haɗa su. In ka rubuta unguwar mutum a wuri huɗu, ranar da ya tashi za ka gyara uku ka manta ɗaya.

Abin da nake so ka zauna ka yi tunani a kai shi ne gogewa. Tsofaffin akawu da na tarar ba sa kankare kuskure. Layi ɗaya suke ja da jar tawada yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, su rubuta daidai a sama, su sa hannu da kwanan wata. Kwamfuta ta sauƙaƙa gogewa har ba ta barin tabo, kuma nan ne fitina take. Kada ka ajiye gurbi ɗaya mai suna sauran bashi kana canza shi kullum. Ka rubuta kowane karɓa da kowane biya a layinsa, da ranar, da wanda ya karɓa, da lambar rasit, saura kuma na'urar ta lissafa shi daga nan. In an yi kuskure, a shigar da sabon layi mai warware shi, tsohon ya zauna. Wanda ya fita ƙungiya ko ya rasu a sa masa alama, kada a cire shi, don magada za su zo. Ka san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da kafa shaidu, da adalcin marubuci. Marubucin nan yau kai ne.

Da yake wutarmu ba ta sallama in za ta tafi, ka kula da aikin da ke da ƙafa biyu. Cire buhun taki daga sito ƙafa ɗaya ce, rubuta shi a kan manomi ƙafa ta biyu. In wuta ta ɗauke a tsakani, taki ya fita ba wanda ake bi. Rumbun kirki yana da hanyar ɗaure su wuri guda, ko duka su shiga ko duka su fasa. Ka yi amfani da ita ko da aikin ya yi maka kamar ƙarami.

Wannan ne dalilin da ba na son ka tsaya a Excel. Yana da kyau wajen lissafi da fitar da rahoto, amma ba ya hana kowa rubuta komai a ko'ina. Ko a Ingila ya ba hukuma kunya: a farkon Oktoba 2020 aka gano mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga ƙidaya a kan lokaci ba, saboda tsohon nau'in fayil ɗin ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536, abin da ya haura sai ya zube ba tare da wani ya lura ba. Amma kada wannan ya sa ka ɗauko abin da ya fi ƙarfin ƙungiyar. SQLite ya ishi kwamfuta ɗaya, PostgreSQL in hannuwa sun yi yawa, kuma dukansu kyauta ne. Ka gina yadda aiki zai tafi ko babu sabis, tunda ka san akwai ƙauyukan da waya ta fi kama na Benin a kan namu.

Bari in ba ka labarin abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. A wani ofis da na yi aiki, ni ke kwafe bayanai kowace Juma'a kafin a tafi masallaci. In rubuta kwanan wata a kan faifan, in kulle a kabad, in tafi da kwanciyar hankali. Na yi haka wata da watanni ban taɓa fashi ba. Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar. Na ɗauko faifan ina ce wa mutane su kwantar da hankalinsu. Fayil ɗin yana nan da sunansa, amma abin da ke ciki tsoho ne tukuf. Ashe tun da daɗewa an sauya wurin da manhajar ke zuba bayanai, ni kuwa tsohon wurin nake ta kwafewa. Mun yi makonni muna sake bugawa daga rasit. Abin da rasit ɗinsa ya ɓata bai dawo ba. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ta zo sau uku tana tambayar ajiyarsa, ba mu da abin da za mu nuna mata sai shaidar baki. An biya ta daga baya, amma ta yi watanni tana jira da marayu a hannu, kuma sakacina ne. Da sau ɗaya na taɓa buɗe faifan nan a wata kwamfuta na duba, da ban sa ta wannan wahalar ba.

Ba ƙananan ofisoshi kaɗai abin ke samu ba. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya ba da umarnin gogewa a kan ainihin rumbun yana zaton kwafinsa ne. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Suna da hanyoyi biyar na kariya, sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe da daina aiki, saƙon gargaɗin da take turawa kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, aikin awa shidan kuwa ya salwanta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka kwafi uku nake so ka riƙe: wanda ake aiki da shi, ɗaya a filash ko faifai da ba ya kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar, ɗaya kuma nesa da Kende gaba ɗaya, a intanet ko wurin amintacce a Birnin Kebbi, a kulle da kalmar sirri. Ruwan da ya ci ofis zai ci kabad ɗin da ke cikinsa, ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta zai haɗa da filash ɗin da ke jikinta. Kada sabon kwafi ya riƙa danne na jiya, don wata ɓarnar sai bayan mako uku ake ganinta. Sannan kowane wata ka ɗauki kwafin ka tashe shi a wata kwamfuta, ka ƙirga mutane, ka duba biya na ƙarshe da aka shigar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaje-gwajenka ka yi su a rumbun gwaji, ka ba allonsa launi dabam da na gaske. Kafin ka ba da umarnin gyara ko gogewa, fara tambayar na'urar layi nawa zai shafa. In kana jiran uku ta ce ɗari takwas, ka ɗauke hannunka. In kana jin barci ko ranka a ɓace, ka bari sai da safe.

Saura abin da ya fi na'ura wuya, wato mutane. Za a zo maka. Wani zai ce ka ƙara sunan ƙaninsa da ke Legas, ai ba wanda zai sani. Wani zai ce ka rage masa buhu biyu, girbi in ya zo zai gan ka. In zaɓe ya matso, wani babba zai aiko a ba shi jerin sunaye da lambobin waya. Wasu daga cikinsu iyayenka ne, ba za ka iya ɗaga musu murya ba, kuma ban ce ka ɗaga ba. Ka gina rumbun yadda kowa ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, mai karɓar kuɗi ya ga abin da ya shafe shi kawai, kuma duk canjin da aka yi na'urar ta rubuta wanda ya yi da lokacin, har da kai. Ka sanar da haka a gaban taron ƙungiya tun ranar farko. Daga nan in an matsa maka, sai ka ce cikin ladabi, Baba, ko na yi zai fito da sunana. Wannan ya fi kare ka a kan duk wata rantsuwa.

Kada ka tura jerin mutane ta WhatsApp. Suna da lambar waya da BVN in suka haɗu a hannun ɗan damfara, ya sami abin da zai kira tsohuwa da shi ya ce daga banki yake. Abin da ba ka da buƙatarsa kada ka karɓa tun farko. Yanzu ma doka ta shigo: Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu cikin Yuni 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, kuma in suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 aka ba shi ya sanar da hukuma.

Kai matashi ne, gobe aiki zai iya kiranka Abuja ko Sakkwato. Kada ka bar ƙungiyar da akwatin da kai kaɗai ke da makullinsa. Ka sayi littafi ka rubuta da Hausa abin da kowane jadawali ke nufi, inda kwafi yake, da yadda ake tashinsa. Ka koya wa mutum biyu, ɗaya ta kasance mace, don matan ƙungiyar sun fi sakewa da 'yar'uwarsu. Babbar kalmar sirri a sa ta a ambulan a liƙe, shugaba da ma'aji su sa hannu a kai.

Tsofaffin littattafan kuma kada ka yarda a jefar da su bayan ka gama. Ka ɗauki hoton kowane shafi, ka rubuta lambar shafin a gefen kowane layi da ka shigar. In ka gama unguwa ɗaya, buga jerin a takarda, ka je da shi ƙofar mai unguwa bayan la'asar, a karanta da ƙarfi kowa ya ji sunansa da abin da ake binsa, wanda ke da magana ya yi ta a nan.

Ka zana jadawalan a takarda ka turo mini in duba kafin ka shigar da suna ko ɗaya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan girbi in Allah ya yarda.